Kwana Huɗu a Bakin Jigo

Shekarar da na gama jami'a ban samu aiki nan da nan ba, sai na koma ƙauyenmu kusa da Malbaza, a bakin fadamar Majiya, da jakar tufafi da kwalin littattafai. Tarihi na karanta, kuma a cikinsa babu abin da ya kama zuciyata kamar mutanen Masar na zamanin da. Sarakunansu ba su dame ni sosai ba. Manomansu nake so, waɗanda ke jiran kogin Nilu ya cika ya janye, ya bar musu baƙar ƙasa, su shuka alkama da sha'ir da albasa.

Kakana, mahaifin mahaifiyata, yana da garka a fadamar. A lokacin shi kaɗai ya rage yana ban ruwa da jigo: doguwar sanda bisa gwafa, guga a baki ɗaya, curin laka a ɗayan. Maƙwabta duk sun koma inji. Kawuna ma ya yi alkawarin kawo inji daga Ƙonni idan lokacin dashe ya zo, amma a makon da nake magana irin albasa ne kawai a ƙasa, fangali shida, siriri kamar gashin jariri. Iri irin wannan ba ya jure yini biyu babu ruwa, kuma in ya mutu, albasar shekarar ta mutu.

Wata rana da hantsi na ɗauki littafi na nufi garka. A cikinsa akwai hoton wani zane da aka yi a bangon kabari fiye da shekara dubu uku da suka wuce: mai lambu tsaye a bakin tafki, ya kama igiyar jigo, kare a kusa da ƙafarsa. Niyyata in girmama tsohon ne, in nuna masa cewa aikin hannunsa ya girmi kowane inji.

"Tsoho, zo ka ga ɗan'uwanka," na ce.

"Ɗan lakwal, yau kuma wane ka tono mana?" Haka yake kirana, wato ɗan boko. Ya goge hannu a riga, ya karɓi littafin da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo, har murmushi ya fara fito masa.

Kawuna, wanda ya kawo masa fura, ya leƙo ta kafaɗarsa ya tambayi ko mutanen ina ne. Na ce na Masar ne. Sai ya yi dariya.

"Ashe, Baba, aikin mutanen Fir'auna kake yi muna a garka."

Wasa yake yi, amma murmushin kakana ya ɗauke. Mutum ne da bai san Masar ba sai ta bakin malamai a wurin tafsiri, inda sarkinta ya ce shi ne ubangiji, teku ta cinye shi da rundunarsa. Ya juyo ya dube ni.

"Gaskiya ne?"

Na saba da amsa tambaya daidai yadda aka yi ta, kamar a jarrabawa. Na ce gaskiya ne, mutumin ya rayu ƙarƙashin sarakunan da ake kira Fir'auna. Ban ƙara komai ba.

Ya ajiye littafin a kan kunya, ya ce a hankali, "Wallahi hannuna ba ya ƙara taɓa wanga icce."

Kawu ya yi ta ba da haƙuri, amma rantsuwa ta riga ta fita. Washegari ya koma Ƙonni wurin sana'arsa, inji kuwa sai bayan mako biyu. Tun da ni na jawo abin, ni na tsaya a bakin rijiyar.

Na taɓa rubuta shafi goma a kan jigo, amma ban taɓa jan sa ba. Ranar farko gugan ya riƙa dukan bakin rijiya, rabin ruwan yana komawa inda ya fito. Tafin hannuna ya yi bororo kafin azahar. Fangali huɗu kawai na shayar, biyun ƙarshe suka yini da ƙishi. Kakana yana zaune a gindin mangwaro, ya juya mini baya, yana jan carbi.

A rana ta biyu wani abu ya same ni wanda har yau nake tunawa. Idan mutum ya daɗe yana sunkuyawa yana miƙewa, sandar tana kuka bisa gwafa, ruwa yana gangarawa cikin ƴar hanyarsa, hankali yakan saki jiki ya tafi yawo. Na riƙa ganin fadamar ta faɗaɗa, Majiya ta cika ta zama babban kogi, jiragen kara suna wucewa da tulin hatsi. Balbelun da ke bin shanun wani makiyayi suka zama tsuntsayen bangon kabari. Na tuna cewa mutanen nan, da suka zauna yin tunanin lahira, gona suka hango: alkama mai tsayi, ruwa a kusa, iska mai sanyi daga arewa. Sai dai sun san gona da wahala, shi ya sa suke binne mamaci da ƴan mutum-mutumi, domin in an kira shi aiki a can, ɗayansu ya amsa ya ce ga ni. Na yi dariya ni kaɗai da na ga cewa nawa kakan bai jira lahira ba, tun a duniya ya samu mai amsa masa.

Da na dawo hayyacina, sai na ga ruwan ya fasa kunya ya malale cikin ciyawa. Irin fangali na shida ya kwanta.

A rana ta uku kakana ya juyo da tabarmarsa. Na ga ya jawo littafin, wanda na bari da gangan a gindin itacen. Yini ya yi da shafin nan guda a buɗe bisa cinyarsa.

A ta huɗu, bayan la'asar, ya kira ni.

"Wanga mutum, sarki ne?"

"A'a. Mai lambu ne, yana yi wa wani babba aiki."

"An rubuta sunanshi?"

"Ban gani ba. Sunan mai kabarin aka rubuta."

"Yana cikin waɗanda ruwa ya ci?"

A wannan karon na yi tunani kafin in amsa. Na ce ban sani ba, kuma babu littafin da ya sani. Abin da na sani shi ne sarakunan Masar suna da yawa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a zamanin kowannensu akwai talakawa masu tashi da safe su ba shuka ruwa, su ci gurasa da albasa, su koma gida.

Ya sa yatsa a kan hoton.

"Dubi lakar da ya ɗaura, ta yi kaɗan. Shi ke ɗaga gugan da ƙarfinshi, iccen ba ya taimakonshi. Kuma ya tsaya nesa da baki. Wanga bawan Allah da ciwon ƙugu yake kwana." Ya ɗago ido. "Kai ma haka kake tsayuwa. Kwana huɗu ina jin kukan iccen nan, kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi."

Ya tashi ya zagaya fangalin, ya durƙusa a na shida, ya tona ƙasa da yatsa. Rabinsa ya riga ya ƙone. Na biyar yana da sauran rai.

"Ɗan lakwal, a karatun naka an koya muku kaffarar rantsuwa?"

"Ciyar da miskinai goma. Wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku."

"To, mu mun samu. Tafi gida ka ce ma kakarka a buɗe rumbu a auna hatsi na mutum goma, ta san gidajen da za a kai."

Na tsaya ina kallonsa, igiyar tana hannuna.

"Sakar mini ita," ya ce. "Na biyar ba ya kai gobe in kai ne."

Na sakar masa. Ya matsa daf da bakin rijiyar, ya ja sau ɗaya, gugan ya nutse ya taso cike ba tare da ya taɓa ko'ina ba. Na kama hanyar gida da saƙonsa, hannuwana suna zafi.