Ranar da Aka Fitar da Delbert Tackett Waje

A kwarinmu, in aka ambaci kwamitin amintattu mai mulkin kwalejojin yanki, fuskar Delbert Tackett ce ke fara zuwa wa mutane, tun ma shekaru da yawa kafin ya shiga kwamitin. Bakanike ne, mai gyaran tarakta a garin Alkali Wells. Amma duk wata, ranar zama, sai ya rufe gareji tun da rana tsaka, ya wanke baƙin mai, ya tuƙa akori-kurarsa zuwa birni, ya kame a layin gaba yana jiran lokacin jin ta bakin jama'a.

Doka ta ba kowa minti uku ya faɗi abin da ke ransa, 'yan kwamiti kuma su saurara ba tare da sun tanka ba. Wanda ya rubuta dokar bai san Delbert ba. Da ya san shi da ya rage.

Kullum daga tarihi yake farawa. Yadda aka kafa kwalejin farko a Alkali Wells cikin ɗakunan aro na makarantar sakandare, manoma na zuwa bayan aiki su koyi walda da datse rassan inabi. Yadda sojojin da suka dawo daga yaƙi suka cika azuzuwan har aka koma karatu a rumbun auduga. Yadda aka buɗe ta biyu da ta uku har suka kai tara, aka haɗa su ƙarƙashin kwamiti ɗaya, aka kai hedikwata birni, uwar ta koma ɗan reshe da ba a tunawa da shi sai rufi ya yi yoyo. Wannan sashe na ƙarshe dai a gareji muka ji shi, don a zauren bai taɓa kaiwa nan ba. Yana tsakiyar yaƙin duniya jar fitilar cikar lokaci za ta kama, a kashe makirufo, ya ci gaba da baki har mai gadi ya rako shi kujera. Mai gadin ma ya haddace jawabin. In Delbert ya manta shekara, shi ke tuna masa.

Muna yi masa dariya, amma son da yake wa makarantar nan na gaske ne. Can ya koyi sana'arsa. Can ya haɗu da matarsa Nadine, ranar da ya mayar da littafi ɗakin karatu duk shatin yatsunsa, ta yi masa wankin babban bargo cikin raɗa. Tun lokacin ita ke riƙe da ɗakin karatun. Saboda haka da labari ya fito cewa ana shirin rufe reshen Alkali Wells, a ce wa ɗalibai su je birni ko su yi karatu ta kwamfuta, sai Delbert ya ce minti uku ya yi masa kaɗan. Ya tsaya takarar kujerar kwamiti.

Babu wanda ya zaci zai ci, har da shi. Sai dai kujerar amintattu can ƙasan takardar ƙuri'a take, bayan gwamna da 'yan majalisa da alƙalai, inda mai zaɓe ya riga ya gaji yana tunanin abincin rana. Sunan Delbert ne ya faɗo a sama. Jama'a suka dangwala masa suka wuce.

A zamansa na farko ya gano wani abin da ya kusa sa shi hawaye: ɗan kwamiti ba shi da jar fitila. Ranar sauran shidan suka ji tarihin tun daga ɗakunan aro har zuwa yoyon rufi, a kan batun sayen injin yankan ciyawa.

Cikinsu akwai Harlan Bedrosian, mai gonar itatuwan almon, wanda ba sa ga-maciji da Delbert tun wata rigima kan ruwan ban-ruwa da su kansu sun manta wa ya fara. Harlan mutum ne mai ƙa'ida ɗaya a siyasa: ya duba inda hannun Delbert ya nufa, ya nufi ɗaya gefen. An taɓa kawo ƙudurin taya 'yan ƙwallon kwando murna, Delbert ya goyi baya, Harlan ya ƙi.

Da aka sa ranar yanke hukunci kan reshen, kowa ya san yadda lamarin yake. Delbert da mutum biyu suna son a bar shi. Uku suna son a rufe. Na bakwai Harlan ne. Delbert ya ƙudura cewa jawabi ne kawai zai cece su, ya shiga shiri, yana gwadawa a kan taraktoci da safe, a kan Nadine wajen cin abinci.

"Del," in ji ta, "in dai kana son makarantar nan, ka taƙaita."

"Ai taƙaitaccen ne kike ji."

Ranar, zauren ya cika da mutanen Alkali Wells. Shugabar kwamiti ta karanta batun, Delbert ya gyara makirufo, ya ja numfashi. Sai lauyan kwamitin ya yi gyaran murya.

"Shugaba, a gafarce ni. Matar Mista Tackett a reshen nan take karɓar albashi. Doka ba ta yarda ya sa baki ko ya kaɗa ƙuri'a ba."

"Wace doka?" in ji Delbert. "Don wannan maganar fa na nemi kujerar."

"Na sani, yallaɓai. Har ɗakin za ka bari."

"To in sauka ƙasa in yi minti ukuna kamar kowa."

"Waje, yallaɓai."

Delbert ya juya ya hango matarsa cikin jama'a. "Nadine, ajiye aikin nan yanzu, a gaban shaidu."

"Kai ka ajiye naka," in ji ta, ko ɗaga kai ba ta yi daga saƙarta ba.

Mai gadin nan dai ne ya raka shi waje. Ya tsaya a baranda kusa da injin sayar da lemo. Ƙofar gilashi ce mai kauri, yana gani ba ya ji. Ya ga bakuna na motsi, ba wanda ya daɗe. Tsoro ya kama shi sosai, don ya tabbata za a rufe makarantar da ta yi shi mutum ba tare da an ko ambaci rumbun auduga ba.

Shugaba ta nemi masu son a rufe. Hannu uku suka tashi. Na Harlan na kan tebur. Ta nemi waɗanda suka ƙi. Biyu suka tashi, sai Harlan ya waiga wajen ƙofa, ya tabbatar Delbert na waje, ya ɗaga nasa. Kunnen doki. A ƙa'idar kwamiti kuwa, ƙudurin da bai sami rinjaye ba ya faɗi. Reshe ya tsira.

Da aka tashi, Delbert ya tare Harlan a bakin ƙofa, ya miƙa masa hannu. Harlan ya kalli hannun ya bar shi nan.

"Kada ka ɗauka don kai ne. Uwata can ta koyi karatu tana da jikoki."

"To me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Yaushe? Ka taɓa barin fili? Na rantse maka, da kana ciki ka buɗe bakin nan, da na ɗaga hannu a rufe ta, in koma gida in yi kuka."

Ya sa hularsa ya wuce.

A mota Delbert ya yi shiru mai tsawo, abin da Nadine ta ce ba ta taɓa gani ba tun ranar da aka cire masa haƙori. Yana murna, kuma ransa ya sosu ƙwarai. Rabin rayuwarsa yana yi wa makarantar nan magana, ashe babban taimakon da ya taɓa yi mata shi ne tsayuwa kusa da injin lemo. Sai da suka hango tankin ruwan Alkali Wells ya sami bakinsa.

"Shugaba ta ce za su sake kawo batun baɗi. Ba komai. Kafin nan kin yi ritaya, ba lauyan da zai fitar da ni. Zan zauna in yi musu bayani tun daga tushe."

Nadine ta naɗe saƙarta ta sa a jaka.

"Na fasa ritayar, Del."

Yanzu ta haura saba'in, gwiwa na damunta, sai da sanda take hawa matakalar ɗakin karatu. An sake kawo batun rufe reshen, an kuma sakewa. Duk lokacin da aka kawo, lauya kan yi gyaran murya, Delbert ya tattara takardunsa ya fita.