Malama Bishiya da Kwalayenta

Kafin ɗalibai su iso, Malama ta riga ta buɗe tagogin ɗakin kwamfuta, ta goge allo da kanta, ta zazzage tsofaffin kwalaye daga jaka ta jera a tebur. Kowane kwali da abin da ke jikinsa: wani lamba, wani alamar tarawa, wani ta sau, wani baka mai kewaye lambobi. Ɗalibai na kiranta Malama Bishiya, don ba ta rufe darasi sai ta zana bishiya a allo, kuma tata bishiyar saiwa a sama, rassa a ƙasa. A wannan watan za ta ajiye alli, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba.

Aikinta koyar da ginin kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa. Ni tela ce, ni da lissafi ba ma ga maciji. Autarmu ce ta jawo ni ciki.

Auta ta taɓa faɗuwa a aikin kammala karatu, makaranta ta ce dama ɗaya ta rage mata, in ta sake sai gida. Ana gab da ranar kare aiki, kompailarta ta kafe. A ba ta biyu a tara da uku sau huɗu, sai ta ce ashirin, alhali sha huɗu ne. Na je ɗaukar Auta na tarar idonta ya yi ja, tana roƙo.

"Malama, don Allah layin nan kawai za ki duba min."

"Kin san ba na taɓa madannin kwamfutar ɗalibi. Tashi tsaye." Sai ta hango ni a bakin ƙofa. "Baiwar Allah, ke ce yayarta? Shigo, aiki ya same ki."

Ta miƙa wa mai shara kwalin biyu, ta ba ni uku, ta ba wata ɗaliba huɗu. Auta ta riƙe tarawa a damana, Malama ta riƙe sau a haguna, muka jeru kamar masu jiran hoto. Auta ta kama hannuna. Ban ankara ba Malama ta fizge ni, har mayafina ya zame.

"Sake ta, tawa ce tukuna. Sau ya fi tarawa riƙo. Bari mu zama sha biyu, sannan ki zo da biyunki."

"Malama, ai tun firamare na san wannan."

"Ke kin sani. Na'urar fa, wa ya gaya mata?"

Auta ta ƙura wa bishiyar allo ido. Can ta dafe kai. "A layi ɗaya na zaunar da su cikin dokokin kompailar! Tarawa a sama ya kamata, sau a ƙarƙashinta, don reshen ƙasa ake fara gamawa." Malama ta hau tattara kwalayenta. Auta da hannunta ta gyara.

Ranar kare aiki ina zaune a baya. Shugaban masu jarrabawa ya buga lissafi, sai ga ashirin ɓaro-ɓaro a allo. Wallahi na ce shi ke nan, yarinya ta dawo gida. Auta kuwa murmushi take. Ashe mutumin ya kewaye biyu da uku da baka ne.

"Ranka ya daɗe, baka ya fi kowa riƙo," in ji ta. "A nan ashirin ne daidai."

Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa.

Malama, ke ce mai haƙurin da ya fi na uwa. Da kin ga dama ranar nan kin ja kujera kin gyara layin kafin shayinki ya huce, Auta ta wuce ba ta san ta yadda ta wuce ba. Kika zaɓi ki tsaya ki ja hannun tela. Na ji ɗalibai da dama sun taɓa fita ɗakinki suna gunaguni, kuma su ne yanzu ke aiko miki da gaisuwa daga wuraren aikinsu.

Mun gode, ni da duk gidanmu. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma masu koyarwa, in ɗalibi ya zo yana roƙo, ku daure ku janye hannu daga madanninsa, ku tsaya kusa har ya gano da kansa.

Yanzu Auta ma malama ce, ita za ta karɓi ajin, Malama ta bar mata kwalayen. Ɗaya ne kawai sai ta yanka sabo, don na roƙi kwalin uku an ba ni, yana nan rataye saman keken ɗinkina.