Ɗiyar Tsohuwa a Likita

Damanar da na shiga aji biyu a lakwal, makarantar boko ke nan, ranar kasuwar Illela, masassara ta kada ni ina tsaka da tsinkar yakuwa a bayan gida. Ni ce ɗiyar fari, ɗakin Kaka nake kwana, ita ke mini kitso, ita ke dama mini fura. To ranar Kaka ta tafi biki Bazaga, Baba yana gona. Dole Inna ta ɗora ni amalanken jaki muka nufi likita, wato asibitinmu.

Ku da ba ku sani ba, a wurinmu uwa kunyar ɗan fari take. Ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Ni "ke" ce wurin Inna, in magana ta kama ta ce "waccan".

Majon da muka tarar, wato babban ma'aikacin jinya, baƙo ne, Hausarsa kaɗan, sauran duk Faransanci. Ya tambayi sunana, Inna ta sunkuyar da kai. Yaushe ciwon ya fara? Ta yi amai? An ba ta wani magani? Inna sai murza bakin zane take, ga mata cike da benci suna kallo. Ya ajiye biro, ya ce shi ba ya yi wa yarinya allura bai san abin da ta sha ba. Ni kuwa haƙorana sai kaɗawa suke.

Can wata ma'aikaciya ƴar Badagishiri ta leƙo. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta yi murmushi. "Yaya, ta fari ce ko?" Ta ja labule, ta zauna gefen Inna, ba ta ko dubi fuskarta ba. "Ɗiyar tsohuwa nake tambaya, ba taki ba. Mi ya same ta?"

Wallahi sai bakin Inna ya buɗe. Ɗiyar tsohuwa tun shekaranjiya take ture tuwo, ta yi amai da hantsi, an ba ta jiƙon sabara da rabin ƙwayar mai tebur. Ni da nake zaton ko kallona ba ta yi. Ma'aikaciyar ta maida wa majo da Faransanci, nan take aka sa mini ruwa. Sunan kuwa ni na faɗa da bakina.

Yau likitarmu ta fi ta da gini da kaya, uwayen yanzu kuma har daga bakin titi suke ƙwala wa ɗan fari kira. Inna ta tsufa, kunyarta na nan. Duk na raka ta awon jini, addu'ata ɗaya ce: Allah ya haɗa ta da wanda ya iya tambaya.