Gadar Giginya da Muka Sare

Ranar Talata ce, cikin watan Agusta. Na dawo daga sallar asuba na tarar da Hadiza, matata, tana dama koko. Ruwa ya kwana yana zuba. Rafin da ke gabas da ƙauyenmu, can bayan Randagi, ya cika ya batse.

A da akwai gada a kansa, kututturen giginya huɗu da iyayenmu suka shimfiɗa. Da rani wasu jami'an ƙaramar hukuma suka zo da mota biyu. Suka ce damina ta sauya hali, gwamnatin tarayya ta fito da shirin kare ƙauyuka daga ambaliya, su aka damƙa wa aikin. Gadar siminti za su yi mana kafin ruwan farko, amma sai mun kawar da tsohuwar. Hadiza ta ce kada mu yi wanka da kashi don mun ga hadari. Na yi mata dariya. Ni ne shugaban kwamiti, ni na fara ɗora gatari. Suka kafa allo, suka zube yashi tifa ɗaya, suka ɗauki hoto da mu. Ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Sau uku ina zuwa sakatariya, ana ce mini oga ya fita.

A safiyar Talatar nan, ƙarfe bakwai da rabi, muka ji ƙarar baburan ɓarayin daji daga yamma, ta bakin daji. Sai harbi.

"Ku fita! Ku yi rafi!"

Wajen ƙarfe takwas muka isa, mata da yara da tsofaffi, muka yi cirko-cirko a gindin allon nan. Ruwa ja wur, yana tafe da rassa. Harbi na matsowa.

"Ku faɗa ruwa!" in ji wani daga bayanmu.

Na saɓa ɗanmu Nura a wuya, Hadiza ta riƙe bayan rigata. A tsakiya ruwa ya kai mini haɓa. Na ji rigar ta yi nauyi. Can na ji ta yi sakayau.

Sai washegari da la'asar muka shiga Birnin Gwari, a ƙafa.

Ɓarayin daji ba su taɓa yi mana alkawari ba. Waɗanda suka yi, su na kasa yafe wa, da ni kaina.

Bindiga ta kashe mana mutum biyu ranar. Rafi ya ci bakwai. Kwana uku aka yi kafin a tsinci Hadiza, da ƙyallen rigata a hannunta.