Bonet Ɗin da Na Auna Kamar Yadi

Lokacin da aka yi wa yayana aiki a asibiti, ni ya damƙa wa makullin motarsa. Ƙaramar mota ce, da ita yake jigilar fasinja tsakanin Gusau da Bungudu, da ita yake ciyar da gidansa. Cewa ya yi in riƙa tayar da ita kowace safiya don kada batir ya mutu. Bai ce in hau ba. Ni kuwa da rawar kai na ɗauke ta na tafi bikin suna a Ruwan Bore. A hanyar dawowa shanu suka tsallako, na taka birki a makare, wani bijimi ya zauna wa bonet ɗin da dukan nauyinsa, ya tashi ya yi gaba abinsa. Murfin injin ya lotse har ba ya rufuwa.

Kwana uku abinci ba ya yi mini daɗi. Na kai ta garejin wani makanike a can bayan gari, inda babu wanda ya san yayana. Ya ce in nemo na hannu, ya ji an ce wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci a Tsafe yana da irinsa.

Yadi nake sayarwa a kasuwa, kuma ina ji da idona wajen awo. Na zaro tef ɗina na auna tsawon bonet ɗin, na auna faɗinsa, na rubuta a takarda, na hau bas. Har ga Allah na ɗauka shi ke nan.

Mutumin Tsafe ya jawo bonet daga bayan rumfa, har launinsa ya zo ɗaya da namu.

"Malam, motar taka ta wace shekara ta?" ya tambaye ni.

Ban sani ba, kuma wanda ya sani shi nake ɓoye wa. Na shimfiɗa tef, awo ya yi daidai, na ce masa ai duk ɗaya ne.

"To, kai kas sani. Amma in ya bar wurin ga, ba a maido shi."

Aka ɗaure shi a saman bas, duk ramin da muka faɗa sai na leƙa in ga ko yana nan.

A gareji ya zauna cif a gefe da gefe, har na fara hamdala. Sai makanike ya danna shi, ya ƙi kamawa. Ya sake dannawa. Ƙugiyar da ke riƙe shi daga gaba ta kauce wa raminta da kamar yatsa biyu, domin na wata shekara ne daban. Wurin da ya fi muhimmanci yana ƙarƙashi, ni kuwa sama kawai na auna. Ya ɗaure shi da waya ta ciki yadda ba a gani, ya ce zai riƙe in dai ba a yi gudu ba.

Haka na mayar wa yayana motarsa a wanke, na yi shiru. Ranar da ya ce zai koma aiki na buɗe shago, amma na kasa zama. Na san gudun da ake yi a hanyar Bungudu, kowa na son ya wuce da wuri. Ba abin da nake gani sai iska ta ɗaga bonet ya rufe masa gilashi da mutane cike a mota. Tsoro ya fi ƙarfin kunyata, na tari ɗan acaɓa zuwa tasha.

Na same shi saura mutum ɗaya ya tashi. A gaban fasinjojin na faɗa masa komai. Ya durƙusa da ƙyar, yana dafe da wurin ɗinkinsa, ya leƙa ya ga wayar. Ya ba mutanen haƙuri suka sauka suka koma motar da ke bayansa.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyana na kai makaranta cikinta yau da sahe."