Tabarmar da Ƙanwata Ta Saƙa wa Yaran Kudus

Ƙanwata ba da makanta aka haife ta ba. Ƙyanda ce ta shigo unguwarmu a Tawa, shekarun farko bayan samun mulkin kai, ta kwashi yaran da za ta kwasa, ta bar wa sauran tabo. Mu ta bar mana yarinyar, ta tafi da idon. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ita kuwa mai ciwon, ranar da zazzaɓi ya sake ta, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya shanye mata furarta tana kwance. Haka take har ta koma ga Allah, ido ya tafi amma baki yana nan daram.

Ni aka sa lakwal, makarantar boko ke nan a bakin mutanenmu, don na girme ta kuma ina da idon kallon allo. Kullum da safe sai ta kama bakin zanena ta biyo ni, ta zauna ƙarƙashin tagar ajinmu. Malaminmu, wanda muke kira mushe, Kirista ne daga kudancin ƙasar, mutum mai sanyin hali, bai taɓa korar ta ba. Kafin shekara ta zagayo ta haddace waƙoƙin Faransanci da lissafin da ni nake shan bulala a kansu. In mun dawo gida sai ta tasa ni gaba da tsiya: "Yaya, ke mai ido, mi kika kallo can ciki da ba ki riƙe komi?"

Baba ya je ya roƙi mushe ya sa ta cikin 'yan aji. Mushe ya ce yarinyar ta fi rabin ajinsa kai, amma karatunsu na allo ne da alli da littafi, shi kuwa ba a koya masa yadda ake karantar da wanda ba ya gani ba. Baba ya dawo ya ce wa inna a nema mata sana'a. Gwaggonmu ta zaunar da ita ta koya mata saƙar tabarmar kaba. Ta iya, har ta fi mai koya mata. Duk da haka da safe sai ta bi ni gindin taga, ta tafi da kabarta tana saƙa tana saurare.

Muna da wani maƙwabci, Alhaji mai fataucin fatu, wanda da ya je aikin hajji ya biya ta Kudus kafin ya dawo. Tsohon nan in ya fara labarin tafiyarsa, sai dai kiran salla ya cece ka. Duk unguwa an gaji da shi, ita kaɗai ce ba ta gajiya. Wata rana da la'asar yana zaune a zaurenmu ya ce a can ya ga Falasɗinawa da aka kora daga garuruwansu suna zaune a sansani, kuma masu taimako sun buɗe wa yaransu makafi makaranta.

Ƙanwata ta ajiye kabar da ke hannunta. "Alhaji, makahi na karatu? Da mi?"

"Da yatsa, ɗiyata. Da idona na gani."

Ya sa na ɗauko faifai da ɗan gero. Ya jera ƙwayoyin, nan biyu, nan uku, ya kama yatsanta ya bi da shi a kansu. Ya ce takardarsu haka take, 'yan ƙuraje ne a jere, yaro ya shafa ya faɗi abin da ke ciki. Ta shafa, ta sake shafawa, har geron ya watse. Ta tambaye shi ko suna karɓar yarinya daga nan ƙasarmu ta Adar. Alhaji ya yi dariya ya ce don me ba za su karɓa ba, ai makaho ɗan'uwan makaho ne ko'ina yake. Shi da wasa ya faɗa, ita kuwa ta riƙe maganar.

Ana nan, wata shekara farkon damina, rediyon Alhaji ya kawo labarin yaƙi ya sake tashi a can. An sake korar mutane, wasu karo na biyu ke nan. Maza suka taru a ƙofar gidansa suna jimami. Ita tambayarta ɗaya ce, makarantar fa? Alhaji ya ce bai sani ba, amma yaron da ba ya gani, in an ce a gudu, ina zai nufa? Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Bayan sallar Juma'a mai shela ya zaga gari, ya ce manya sun ce a haɗa taimako a aika. Lokacin kuwa na wahala ne, an yi shuka, rumbuna sun yi ƙasa, kowa yana auna abin da zai sa a tukunya. Duk da haka mutane suka fito, kuma har yau in na tuna sai in ji ina son mutanen garinmu. Wannan ta kawo tiyar gero, wancan ya jawo akuya, Buzayen da suka sauko daga arewa suka ajiye gishiri da cuku, matar mushe ta kawo zannuwanta. Inna ta ba da geron da za ta yi mana fura, ta ce mu sha ruwa ai muna cikin ɗakinmu.

Ƙanwata ta ce ita tabarma za ta saƙa wa yaran makarantar, tunda an kore su ba su da abin zama. Ta zaɓi kaba mafi laushi, ta ƙi a rina ko ɗaya, ta ce launi na masu ido ne. Ta duƙufa a kai, ko wasa ba ta fita. Da ta zo kan baki sai na ga tana ƙulla wasu ƙulle-ƙulle, manya da ƙanana, babu tsari a idona. Gwaggo ta gani ta tafa hannu. "Ke, kin ɓata saƙa! Wa za shi zamna bisa wagga?"

"Bari, gwaggo. Wanga ba na masu ido ba ne."

Ni kaɗai ta nuna wa. Ta kama yatsana yadda Alhaji ya kama nata, ta bi da shi. Babban ƙullin baba ne, na kusa da shi inna. Mai tsinin gwaggo ce, ta faɗa tana dariya ƙasa-ƙasa. Na gaba ni ce. Can nesa da sauran akwai wani ƙarami shi kaɗai, ita ce ƙarƙashin taga. Daga shi sai ƙulle-ƙulle da yawa a jere, yaran makarantar ke nan a aji, kuma a tsakiyarsu ta bar gurbi ɗaya babu komai.

"In sun shahwa sun iske wurin ga, za su gane," ta ce. "Za su ce a ɗauko ta."

Na gaya mata rubutu ba haka yake ba. Ta ce namu na masu ido ne ba haka yake ba. A gaskiya ni ma ban san na makafin ba. Kuma ban yi shakkar tabarmar za ta je ba. Duk gidanmu, in ban da baba, mun ɗauka kayan nan a mota za a loda su zuwa Yamai, babban birni, daga can jirgi ya kwashe, har da akuyar.

Ita da kanta ta ɗauki tabarmar a ka, ina riƙe da hannunta, har inda ake tara kaya. Dattijon da ke karɓa ya sa mata albarka. Ta roƙe shi kada a naɗe ta da ƙarfi, kuma kada a ɗora gishiri a kanta.

Daga nan sai jira. Duk motar da ta ji ta shigo gari sai ta ce in leƙa in ga ko da baƙo. Ta sa inna ta wanke mata zanenta na salla aka ajiye a kusa. Ta dami Alhaji da tambaya, ko can ana sanyi, ko suna cin tuwo, har ya koya mata gaisuwar Larabci tana maimaitawa tana saƙa. Baba kuwa in ta fara maganar sai ya ɗauki hularsa ya fita. Na daɗe ina ganin rashin tausayi ne, ashe ya san abin da mu ba mu sani ba, ya rasa bakin faɗa. Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru.

Bayan girbi aka yi haihuwa a gidan kawunmu a Barmu, muka hau jakuna muka tafi suna. Mata sun cika gida, har sai da aka aro tabarmi daga maƙwabta. Aka shimfiɗa mana wata a inuwar rumbu, na zaunar da ƙanwata. Ita kuwa halinta ne, duk tabarmar da ta hau sai ta shafa ta ji hannun mai saƙar, ta kushe. Ina jira in ji kushen, sai na ga hannunta ya tsaya. Ya koma wajen baki a hankali. Ni mai ido ban gane komai ba, tabarma ce da ta sha zama ta yi dauɗa.

"Tabarmar wa ce wagga?" ta tambaya.

Wata tsohuwa mai fara'a da ke kusa da mu ta ce tata ce. Ɗanta ne ya sayo mata a kasuwar Lahadi ta Tawa, ranar da aka sayar da kayan taimako, tunda kuɗi za a aika, ba mai iya kai gero da awaki har can. "Saƙa mai kyau wallahi," in ji ta, "sai dai wadda ta yi ta ta cika bakin da ƙulli. Suna sukar mutane, na sa wuƙa na aske su."

Na buɗe baki zan yi magana, ƙanwata ta danne mini gwiwa. Yarinyar nan da ba a taɓa gaya mata magana ta bari ta faɗi ƙasa ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Kin kyauta, iya." Ta ci gaba da bin bakin tabarmar da yatsa, tana ɗan tsayawa inda wuƙa ta bi, har ta zo wurin da ta bar wa kanta. Yanzu duk bakin ya zama ɗaya, ba a gane inda yaro ya zauna da inda aka bar gurbi.

Babu wanda ya yi mata laifi, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo, don ni mai son in sami wanda zan zaga ce. Masu tara kaya daidai suka yi, tsohuwar kuma tabarmarta ce. A hanyarmu ta dawowa na yi ta lallashin ta, na ce ai abin da aka biya na tabarmar ya je, wataƙila ma an saya wa yaran wani abu da shi. Sai da muka hango gari ta ce, "Awo, yaya, kuɗi sun tahi. Amma kuɗi ba su san ni ba."

Da muka isa gida ta miƙa wa inna zanen sallar ta ce a mayar da shi akwati. Washegari na shirya zan tafi lakwal, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a kama mini zane, ta ce in tafi, tana da aiki. Ba ta sake zuwa gindin tagar ba. Ni na ci gaba har na zama malama, na yi shekaru ina karantar da masu ido, kuma duk ajin da na shiga sai na leƙa ƙarƙashin taga raina ya ɓaci.

Ita kuwa ta rayu a kan saƙa har ƙarshen kwananta. Tabarminta sun yi suna, ana zuwa nemansu daga Afala da Tebaram. Masu saye suna yabo a gabanta, suna cewa ka shafa daga farko har ƙarshe, ba za ka ji ƙulli ko ɗaya ba.