Tsingaron Lofen Baba

A kasuwar Matamaye lofen babana ya fashe, tun Nasara ba su iso ƙasar Damagaram ba. Na ajiye shi a kan mangalar kanwa ina ciniki, jakin wani ya juya gindi ya ture shi, ya kuma taka. Na zagi jakin, na zagi mai jakin, har sai da mahauta suka shiga tsakani. Daga baya na durƙusa na tsince tsingaron ɗaya bayan ɗaya, na ƙulle a bakin rigata.

Baba ya rasu da kakar shekarar, kuma wannan lofen ne abin da na fi so cikin duk abin da ya bari. Kansa na yumɓu ne, ya yi baƙi ƙirin don daɗewa, gefe ɗaya ya yi santsi inda babban yatsansa yake dafawa. Nakan cika shi da taba, in ɗora garwashi, sai in ji kamar Baba yana zaure yana gyaran murya. Malamin unguwarmu yakan wuce yana toshe hanci, in gaishe shi da ladabi, in ci gaba da zuƙa ta.

A wajenmu masu ginin lofe ba sa aiki da yumɓu zalla. Sai sun daka tsohon tsingaro sun zuba garin a ciki, don kada abin ya tsage a wuta. Shi ya sa wanda lofensa ya fashe yakan kai wa magini ɓarɓashin, ya shiga cikin sabo. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, dakan nan ba a maimaita shi. In na miƙa wa wanda bai iya ba, lofen ya fashe wajen gashi, to na rasa Baba karo na biyu, kuma da hannuna.

Sai na shiga zaɓen magini, na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Akwai wani a nan Matamaye, kusa da marina, mai zane da ado, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Lofensa kyakkyawa ne, amma kafin ka yi nisa da zuƙa ya ɗauki zafi yana ƙona yatsa. Na taka har Icirnawa wajen wani da ake ta yabo, na tarar nasa kauri gare shi kamar turmi, haƙorinka sai ya gaji da riƙo. Duk wanda na je wurinsa sai in karɓo guda in gwada. In hura shi ya yi zafi in tsoma a ruwan randa, in sake shi daga tsaye ya faɗi a kan rairayi, in ƙwanƙwasa shi da farce in kasa kunne. Tsingaron kuwa yana ƙulle a jikina, ban yarda ko matata ta taɓa ba.

Ita ce ma ta ce mini wata safiya, tana tankaɗe, “Maigida, ai ko mai neman auren ƴarka ba ka yi wa wannan binciken ba. Jiya fa ko fura ba ka tsaya sha ba.”

Na ce ta ji da tankaɗenta, na sa takalmi na fita.

A ƙarshe hankalina ya tsaya a kan wani dattijo a Tsauni. Ba ya zane, ba ya hira, kunnensa ma ya yi nauyi. Alamarsa ɗaya ce, yakan danna farce a ƙarƙashin kan lofe tun yumɓun yana ɗanye. Nasa ne kaɗai ya jure duk muguntar da na yi masa, kuma hayaƙinsa yana zuwa baki da sanyi. Na durƙusa gabansa na kwance ƙullin.

“Baba, wannan na mahaifina ne. Ina so ya shiga sabo.”

Ya juya tsingaron a tafin hannunsa, ya shinshina. “Allah ya jiƙansa. Ya san taba, wannan. Ka dawo in wata ya tsaya, ɗana.”

Wata ya tsaya ina kudu da jakuna, kanwa ta ƙi fita da wuri. Raina yana Tsauni, jikina yana rumfar wasu. Da na dawo ko gida ban biya ba, na wuce kai tsaye. Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da lofe guda, lafiyayye, gefensa ɗaya ja. Ya ce iska ce ta juya ranar gashi, ta bar wa duk na wannan wutar jan kunci. Na karɓa da hannu biyu, daɗi ya cika ni.

Na ce, “Duk garin tsingaron ya shiga nan, ko akwai saura?”

Sai da na maimaita da ƙarfi kafin ya ji. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rijiya tana da ƙofar baya.

“A lofe ɗaya? Haba ɗana, wa ke kwaɓa yumɓun lofe ɗaya? Turmi guda nake daka, kwaɓi guda nake yi. Na babanka ya shiga tare da na kowa.”

“To ina sauran?”

“Sun tafi kasuwa mana.”

Na yi ta gwada lofe kamar mai hankali, ban taɓa tsayawa na ga yadda ake kwaɓin ba. Zuciya ta ciyo ni, na yi ta faɗa, shi kuwa rabin maganar ma bai ji ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ga Baba can an raba shi a bakunan mutanen da ban sani ba, wani yana tofar da yawu, wani yana ƙwanƙwasa shi a dutse. Da na huce, dattijon ya ba ni sababbi daga wata wutar, ya ce in je in yi musaya in zan iya.

Daga ranar na zama ɗan farautar lofe. Duk inda na ga hayaƙi sai in ratse. Ina gaishe da mutum, idona yana kan bakinsa, ina neman jan kunci da alamar farce. A Kance na karɓo wajen wani mai awon gero, ya ɗauka taɓaɓɓe ne ni, ya miƙo da sauri don in tafi. Wani wanzami ya ja mini rai har sai da na zauna ya yi mini askin da ba na buƙata. Waɗanda Bugaje suka saya kuwa sun bi raƙuma zuwa Azbin, na tsaya a bakin hanya ina cizon yatsa. Na jera abin da na samo a zaure, na soke karansu a jikin zana. Maimakon in natsu, kullum giɓin da ke tsakaninsu nake gani. Noma ya ƙarato, ban ko gyara gona ba.

Ashe akwai guda a cikin Matamaye, a gindin tsamiyar da dattawa suke dara. Yana bakin wani tsoho, abokin darar Baba, wanda suka tsufa tare suna zagin juna a kan wasa. Gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, da sanda yake tafiya. Na gaishe shi, na fito da sabon lofe mafi kyau cikin na hannuna, na fara yi masa bayani.

Ya katse ni. “Na sani. Labarin tsingaron ya zo mini tun kana kudu. Kana tsammanin don taba na ja wannan gwiwar har Tsauni?”

Ya cire lofen daga baki, ya riƙe shi a ƙirji.

“Ranar da aka raba kayan babanka kuna ciki, ku ƴaƴa. Ni ina waje a kan tabarma, ina amsa gaisuwa. Tun ba a haife ka ba nake zama da shi, amma ko tsinke babu wanda ya ce in riƙe. Ka bar mini wannan, yaro. In na mutu ka zo ka ɗauka, ba wani jira mai tsawo za ka yi ba.”

Tausayi da kunya suka rufe ni, idona ya kawo ruwa. Na mayar da sabon lofen aljihu. Tabarsa ta mutu muna magana, sai na tashi na shiga gidan da ke kusa na roƙo masa garwashi.